Amsoshin Tambayoyinku: A Auna Wuta Kafin a Sayi Sola

A wannan mako yawancin saƙonnin da muka samu sun fito ne daga kudancin Jihar Katsina, wato Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, kuma dukkansu a kan abu guda suke zagaye: wutar da waya da kwamfuta ke ci, da kuma sabis da ke ɗaukewa a daidai lokacin da ake tsakar ciniki. Mun zaɓi guda huɗu, sai a gyara zama.

Tambaya ta farko ta zo mana daga wani mai sana'ar cajin waya a garin Sabuwa. Ya ce ɗan abin da yake samu a rana, janareta ke shanye shi. Yana so ya koma sola, amma a majalisarsu kowa da abin da yake gaya masa. Wani ya ce faranti ɗaya ya isa, wani ya ce sai ya sayi batir huɗu. Shi ne yake tambaya, ina gaskiyar magana take?

To Malam, mun gode, kuma ba kai kaɗai ke wannan kuka ba. Tun ran 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya kuma ta ci gaba da hawa. Shi kuwa ɗan ƙaramin janaretan nan, galan guda ba ya kai shi yini, kuma ko waya biyar aka jona masa ko hamsin, sai ya sha mansa.

Amma kafin ka zare ko kwabo daga aljihunka, sai ka fara yin awo. Babu manomin da zai gina rumbu bai san tiya nawa gidansa ke ci a rana ba. To haka wuta take. Akwai ma'auni biyu da ya kamata ka riƙe. Na farko shi ne wat, wato saurin da na'ura ke zuƙar wuta, kuma galibi ana rubuta shi a jikin caja da ƙwai da harafin W. Na biyu shi ne wat-awa, wato jimlar wutar da aka ci. Ƙwan lantarki mai wat 10, in ya yi awa 5 a kunne, ya ci wat-awa 50 ke nan. Lissafin bai wuce haka ba.

Yanzu mu zo kan shagonka. Babbar wayar shafa, wadda aka rubuta 5000 mAh a jikin batirinta, tana ɗaukar kusan wat-awa 19 kafin ta cika. Da yake wata wutar tana salwanta a hanya, shi ya sa kake jin caja tana ɗaukar zafi, sai mu ƙaddara mata 25. Ƙaramar waya mai tocila kuwa, mu ba ta 5. Mu ɗauka kana cajin manya 40 da ƙanana 40 a rana. Manya sun ci 1000, ƙanana sun ci 200. Ƙara da ƙwai biyu masu wat 10 na awa biyar da dare, wato 100. Jimla wat-awa 1300. Wannan shi ne abincin shagonka na yini guda.

Farantin sola, wanda 'yan kasuwa ke kira fanel, shi ne gonarka. A wannan yanki namu Allah ya hore mana rana, amma ƙarfinta na sosai bai wuce na awa biyar zuwa shida ba. In aka cire asara, faranti mai wat 100 yakan ba da kimanin wat-awa 400 a rana mai kyau. Ashe ke nan uku ba za su ishe ka ba, sai huɗu, ko kuwa biyu masu wat 200. Ka kuma tuna da marka a watan Agusta da hazon hunturu, lokacin da abin da faranti ke samarwa ke raguwa ƙwarai.

Batir kuwa shi ne rumbu. Wanda aka rubuta wa 12V da 100Ah, in ka ninka lambobin biyu, yana ɗaukar wat-awa 1200. Amma in irin mai ruwa ne, wato mai dalma a ciki, rabin nan kawai za ka riƙa taɓawa. Sauran rabin ka ɗauke shi tamkar iri, wanda ba a dakawa a yi tuwo da shi. Duk wanda ke tatse batir ƙarƙaf kullum dare, zai kashe shi tun lokacinsa bai yi ba. Batir na lithium ya fi tsada, amma ana iya cin kashi 80 cikin ɗari nasa, kuma ya fi daɗewa. Batirin mota kada ka soma, an yi shi ne don ya ta da inji cikin daƙiƙa kaɗan. In rabin aikinka da dare kake yi, kana bukatar wat-awa 650 a ajiye, saboda haka mai 150Ah zai fi maka kwanciyar hankali. Dabara ita ce ka saba wa masu kawo caji su kawo da hantsi, su karɓa kafin la'asar, domin wutar ta fito kai tsaye daga rana.

Sauran abubuwa uku. Kada ka haɗa faranti da batir ba tare da kwantirola a tsakani ba, domin ita ce mai gadin rumbu, mai hana batir ƙoshi ya wuce kima. Na biyu, ka kafa farantin ya ɗan karkata ya fuskanci kudu, inda inuwar bishiya ko ta soro ba ta faɗa masa, kuma ka riƙa goge ƙura da tsumma mai laushi da sassafe. Na uku, akwai farantan da ake manna musu lambar da ta fi ƙarfinsu. Ka tafi da mai gyara wanda ka yarda da shi, a auna a rana a gabanka, a rubuta maka rasit da sharaɗin canji. In kuma ka ajiye janareta don ranar hadari, to a waje za a kunna shi, nesa da taga. Hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci.

Tambaya ta biyu daga wani matashi ce a Ƙanƙara. Ya ce mahaifinsa ya sayar da masara ya ba shi jari, yana so ya buɗe shagon buga takardu da duba sakamakon jarrabawa. Wace kwamfuta zai saya, ta tebur ko ta tafi-da-gidanka?

To samari, Allah ya sa wa jarin albarka. In da a inda wutar KEDCO ke zama kake, da mun ce ta tebur ta fi sauƙin gyara da canjin kaya. Amma ga mai dogaro da rana, amsar a fili take. Kwamfutar tebur tare da allonta takan ci wat 100 zuwa 200. Ta tafi-da-gidanka kuwa, duba cajarta, za ka ga yawanci wat 45 ne ko 65, kuma ba kullum take kai wa haka ba. A aikin awa takwas, ta tebur mai wat 150 ta ci wat-awa 1200, wato kusan abin da shagon cajin da muka lissafa ɗazu ke ci gaba ɗayansa. Bugu da ƙari, ta tafi-da-gidanka tana da nata batir, in wuta ta yanke aikin da ka buga bai tafi ba.

In ta hannu za ka saya, a Funtuwa ne ko Zariya ko Kano, ka tambayi abu uku. Ka nemi mai RAM da ba ta gaza 8GB ba, domin RAM ita ce tabarmar da kwamfuta ke baza aikinta a kai. Ka nemi mai ma'ajiyar SSD, saboda ta fi tsohon faifai mai juyawa sauri, ta fi shi ƙarancin cin wuta, kuma ta fi jure jijjigar babur. Sannan ka cire caja ka zauna da ita rabin awa, ka ga yadda batir ke sauka. Har ila yau ka sani kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a watan Oktoba 2025, saboda haka wadda za ta ɗauki Windows 11 ta fi.

Inda mutane da yawa ke faɗawa rami shi ne firinta. Mai amfani da garin tawada, wadda ake kira leza, tana gasa takarda ne da zafi, kuma a lokacin takan zuƙi ɗaruruwan wat, har ta kashe ƙaramar inbata. Mai ruwan tawada ba ta cika wuce wat 30 ba. Dutsen guga kuwa da hita, waɗanda ke cin wat 1000 ko fiye, kada a kusanto da su wannan layi ko da maƙwabci ya roƙa.

Tambaya ta uku daga wani Alhaji ce, mai fataucin hatsi daga Faskari zuwa kasuwar Dandume. Ya ce wayarsa cike da caji, ga data, amma ranar kasuwa sai tiransifa ta maƙale, mai POS ya ce babu sabis, ga buhuna an riga an ɗora a mota. Me ke kawo haka, kuma yaya zai yi?

Alhaji, ranka ya daɗe, cajin wayarka kashi ɗaya ne kawai na wutar da kuɗin nan ke bukata kafin su isa. Saƙonka yana tashi ne zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Shi ma ƙarfen nan da wuta yake aiki, kuma a karkara yawanci injin gas ne da batura da sola ke riƙe da shi. In gas ya ƙare, ko hanya ta hana motar mai isa saboda rashin tsaro, ko an sace batura, sai ƙarfen ya yi shiru. Daga ƙarfe saƙon yakan bi wayar gilashi da aka binne a gefen titi har zuwa manyan kwamfutocin banki. Katafila mai aikin hanya na iya tsinke ta a wata jiha, kai kana Dandume ka ji a jikinka. Wasu wayoyin ma ta ƙarƙashin teku suka biyo suka sauka a Legas, kamar na MainOne da Glo. Ran 14 ga Maris 2024 da wasu irinsu suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, bankuna da intanet sun yi ta tangal-tangal a Nijeriya da Gana da maƙwabta. Daɗin daɗawa, kowane ƙarfe yana da iyakar mutanen da zai iya ɗauka a lokaci guda. Ranar kasuwa dubban wayoyi ke rububinsa, kamar rijiya ɗaya da garke goma.

Ku mutanen wannan yanki kun fi kowa sanin darajar sabis. A watan Satumba 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, aka kuma hana sana'ar caji a wuraren. An yi watanni sai mutum ya shiga mota zuwa gari mai nisa kafin ya ji muryar ɗansa. Sai kuma ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, wanda ya tura har masu sayar da tiya ɗaya zuwa ga tiransifa.

Shawararmu ita ce, ka riƙe layuka biyu na kamfanoni daban. Ka haddace lambar bankinka mai tauraro da ake dannawa, domin ita ba ta bukatar data, ko a ƙaramar waya tana aiki. Kada ka saki kaya don an nuna maka hoton rasit, ko don saƙon alat ya shigo. Ka duba abin da ke cikin asusunka da kanka, saboda akwai alat na bogi. In an cire maka kuɗi ba su isa ba, ka adana rasit ka kai wa bankinka. In kuwa kamfanin waya ne ya ci maka kati ko data, ka fara kai kuka gare su, in ba su share maka hawaye ba sai ka kira hukumar NCC a lamba 622, kyauta ne. Lambar sirrinka kuwa, ko mai POS ɗan uwanka ne, kai za ka danna da hannunka.

Tambaya ta ƙarshe daga wata baiwar Allah ce mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a wani ƙauyen Sabuwa. Ta ce ta sayi fawa bank mai lamba 20000, aka ce zai cika wayarta sau huɗu, amma da kyar yake yin uku. Kuma bayan wayar ya fara kumbura.

Malama, game da fawa bank, in yana yin biyu da rabi zuwa uku, ba a cuce ki ba, domin wajen kashi ɗaya cikin uku na wutar yana salwanta wurin juyawa. Na bogi shi ne wanda za ki ji shi sakayau a hannu, ko ya mutu bayan caji ɗaya. Amma maganar kumburi, wannan ba ta jira. Ki daina jona wayar tun yau, kada ki danne batirin ko ki huda shi, kada ki sa ta ƙarƙashin matashi, ki kai a canza shi. Batir mai kumburi yana iya kamawa da wuta. Zafi ne babban makashin batir, saboda haka a daina barin waya a rana, ko kusa da murhu wurin suya.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Duk mai shirin sayen sola, ya ɗauki takarda ya rubuta kayan da zai kunna, da wat ɗin kowanne, da awa nawa zai yi, ya tafi kasuwa da jimlarsa a hannu. Sauran saƙonnin da ba mu karanta ba suna nan a ajiye, za mu taɓo su a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, ya sa albarka a noma da kasuwa. A huta lafiya.