RABA-DAIDAI KO CANCANTA: WA YA KAMATA YA SA RIGAR ƘASA?

Wannan shi ne jawabin da wani mataimakin editan wannan shafi ya yi a gaban taron 'yan Arewa mazauna Ikko. Ga abin da ya ce:



Duk lokacin da aka fitar da sunayen 'yan wasan da za su wakilci Nijeriya a ƙwallon ƙafa, magana ɗaya nake ji a majalisunmu, daga Agege har Sabon Badun. Sai a bi sunayen da yatsa ana ƙidaya namu, in an ga ɗaya ko biyu a ce an yi mana wariya, a ce me ya hana a raba gurabun daidai kamar yadda ake raba muƙaman gwamnati? Wannan kuka ba na banza ba ne, amma ina roƙon ku saurare ni, domin a ganina maganin da ake nema ba shi ne na cutar ba.

Tsarin raba-daidai ya shiga Tsarin Mulkin ƙasa a 1979, a sashe na 14, kuma na 1999 ya riƙe shi. A 1996 aka kafa hukumar da ke lura da shi. Manufarsa ita ce kada 'yan jihohi kaɗan ko wata ƙabila su mamaye gwamnati da ma'aikatunta. Wannan daidai ne, tun da yake kujerar mulki amanar kowa ce. Amma filin ƙwallo dabam yake. Mutum goma sha ɗaya ne ke shiga, jihohinmu kuwa 36 ne, ban da Abuja. Kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: wanda aka sa don sunan jiharsa, cikin minti 90 duniya za ta gane, kunyar kuwa a kanmu za ta faɗo.

Mu waiwayi tarihi. A gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta, Nijeriya ta doke Brazil da ci 4 da 3, ta doke Ajantina da ci 3 da 2, ta ɗauki zinariya. A cikin tawagar akwai Daniel Amokachi, da Tijjani Babangida, da Garba Lawal, da Celestine Babayaro da wansa Emmanuel, dukansu 'yan Kaduna. Biyu daga ƙwallaye ukun da aka ci a wasan ƙarshe Celestine da Amokachi suka ci su. Mai horar da su kuwa Bature ne ɗan ƙasar Holan, Jo Bonfrere, wanda ba shi da dangi a Kaduna. Da an yi raba-daidai a wannan shekara, da an mayar da huɗu daga cikinsu gida.

Haka kuma a Olamfik ta 2016, lokacin da muka ci tagulla a kan Honduras da ci 3 da 2, Sadiq Umar ya zura biyu, Aminu Umar ya zura ɗaya. Ahmed Musa, haifaffen Jos wanda ya yi suna a Kano Pillars, ya ci Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a ta 2018. Ba wanda ya isa ya ce alfarma aka yi wa waɗannan, kuma wannan shi ne darajarsu.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, mu mazauna Kudu. Raba-daidai da takardar asalin jiha yake aiki. To, yaron da aka haifa a Idi-Araba ko Shagamu, ya tashi yana buga ƙwallo a nan, a wane gurbi za a sa shi? A nan za a ce masa baƙo, a can gida kuwa ba a taɓa ganin wasansa ba. Watau tsarin da muke nema, 'ya'yanmu zai fara cinyewa.

To, ashe ba mu da haƙƙin da za mu nema? Muna da shi, kuma babba ne. Cancanta ba ta zama adalci sai an ba kowa damar nuna ta. In masu neman 'yan wasa sun tsaya a Ikko da Benin, ko suna jiran waɗanda suka yi suna a Turai, yaron Gumel ko na Mubi bai faɗi jarrabawa ba, hana shi shiga ɗakin aka yi. A nan ne ya kamata a raba daidai: a gina filaye, a horar da masu horarwa, a farfaɗo da gasar makarantu, a zagaya kowace shiyya ana zaɓen yara. Da irin wannan niyya ta haɗa kan ƙasa bayan yaƙin basasa gwamnatin Janar Gowon ta fara Bikin Wasanni na Ƙasa a 1973. Kuma mun ga amfanin reno a 2013, sa'ad da Manu Garba ya kai yara 'yan ƙasa da shekara 17 suka ci kofin duniya, kyaftin ɗinsu Musa Muhammed ɗan Kano.

Daga ƙarshe, mu faɗa wa kanmu gaskiya. 'Yan Arewa sun sha shugabantar hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, irin su Ibrahim Galadima da Aminu Maigari da Ibrahim Gusau, saboda haka ba kullum ne laifin yake a Kudu ba. Makarantu nawa ne a garuruwanmu aka yanka filayen wasansu aka yi shaguna? Mu nawa ne a zauren nan muke ɗaukar yaro mai son ƙwallo a matsayin ɗan zaman banza? 'Ya'yanmu mata kuwa ba a ma zancensu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ina roƙon sarakunanmu da attajiranmu su taimaki ƙungiyoyin unguwa da takalma da riguna, su tsaya yara su haɗa wasa da karatu, mu kuma tambayi gwamnoninmu abin da suka yi da kuɗin wasanni.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.