Jinin da Ke Zuba a Cikin Ƙoƙon Kai



Mu da muke yini da yara mun saba da haɓo da jinin gwiwa. Wanda za mu tattauna a yau shi ne jinin da ke zuba a cikin ƙoƙon kai, inda ido ba ya gani. Ƙoƙon kai rufaffen akwati ne, don haka duk jinin da ya taru a ciki ƙwaƙwalwa yake dannewa.

Tantani uku ne suka lulluɓe ƙwaƙwalwa, kuma likitoci sun kasa wannan zubar jini gida huɗu. Na farko yakan taru tsakanin ƙashi da tantanin waje, galibi idan ƙashi ya tsage kusa da kunne, ya yanki jijiya. Na biyu yakan kwanta a ƙarƙashin wannan tantani. A jikin tsofaffi yakan yi makonni yana taruwa bayan 'yar faɗuwa, har a zaci ruɗewar tsufa ce. Na uku yakan biyo bayan bugu ko fashewar jijiyar da ta kumbura, da ciwon kai na farat ɗaya wanda mutum bai taɓa jin irinsa ba. Na huɗu a cikin ƙwaƙwalwar kanta yake, kuma hawan jini ne babban sanadinsa.

Na farkon ya fi shafar ɗalibanmu. Yaro kan faɗo daga bishiya ko babur, ya tashi ya karkaɗe jiki ya koma aji, bayan 'yan sa'o'i ya sume. Saboda haka idan muka ga amai, ko barci mai nauyi, ko jijjiga, ko ruɗewar magana, ko mutuwar ɓarin jiki, mu garzaya da shi asibitin da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Kada mu ba shi asfirin, domin yana hana jini daskarewa. Ko da alama ba ta bayyana ba, mu sanar da iyayensa su sa masa ido a daren. Mu kuma janye hannunmu daga ranƙwashi da dukan ka.

Na huɗun kuwa mu yake hari. Mu riƙa auna jininmu. Idan yana kai 140 bisa 90 a kai a kai, mu ga likita, kada kuma mu ajiye magani don mun ji sauƙi.

Allah ya kare mu da yaran da aka ba mu amana.