Mu Waiwayi Dokin Ƙarfe: Jawabin Kwamitin Jin Daɗin Jama'a a Babban Taron Ƙungiya



Da aka sanar cewa kwamitinmu zai yi magana a kan keke, mun ga waɗansu sun yi murmushi. Wani dattijo ma ya tare mu a bakin ƙofa ya ce, "Duk matsalolin da suka dami jama'a, ku rasa abin da za ku kawo sai keke?" To, Baba, a yi mana haƙuri a saurare mu, domin maganar ta shafi aljihun kowane mai gida da ke zaune a nan, ta kuma shafi ran 'ya'yanmu.

Yawancinmu hanya ce ta kawo iyayenmu garin nan na Umaru Nagwamatse. Wasu daga Katsina, wasu daga Kano, wasu daga Sakkwato da Zamfara. Kontagora ta zauna a kan babban titin da ya taso daga Legas ya bi ta Jebba da Mokwa ya wuce Yawuri har Sakkwato, ga kuma hanyar Tegina, ga ta Rijau da Zuru. Inda hanyoyi suka haɗu kuwa, ba a raba wurin da Bahaushe. Amma da iyayen namu suka sauka, ba da mota suka nemi abincinsu ba. Ɗan koli zai ɗaure akwatinsa a kan kariya tun da asuba, ya nufi kasuwannin ƙauye wajen maƙwabtanmu Kambari da Dakarkari, ya sai da allura da zare da sabulu da gishiri, ya dawo da dawa ko kaji a bayan keken. Akwai gidaje a unguwar nan da aka gina da ribar da keke ya ɗauko, masu gidajen kuma suna jin mu.

Waɗanda suka manyanta a cikinmu za su tuna da Raleigh, wanda har masana'antarsa aka yi a Kano, sannan daga baya Phoenix ɗan Sin ya shigo. Za su tuna zamanin En'e, lokacin da keke ke da lasisi, in ba ka da shi ɗan doka ya tsare ka. Mu kuma da muka biyo baya, a wajen masu hayar keke muka koya. Ka ba da ɗan abin da ka tara, a ba ka na ɗan lokaci, ka zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar saboda ba ka kai sirdi ba, ka faɗi ka kuje gwiwa, ka ɓoye kada a sani a gida. A wancan lokacin ango da sabon keke mai ƙararrawa da madubi biyu, ai ba a magana.

Sai babur ya zo. Bayan matsin tattalin arziki da ya biyo shirin SAP na 1986, kabu-kabu ya bazu a garuruwa, daga baya aka sami Keke Napep. Sannu a hankali hawan keke ya zama abin kunya. Yaro ya gwammace ya tsaya rabin sa'a a rana yana jiran ɗan acaɓa da a gan shi yana tuƙa keke zuwa makaranta. Mu iyaye ma da laifinmu, domin mu ne muke cewa wane ya talauce, har ya koma hawan keke.

To, ga inda aka kwana. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai naira 1,000 a wurare da yawa. Ɗan acaɓa ba shi da laifi in ya ƙara kuɗi, shi ma saye yake yi. Amma mu yi lissafi tare. A ce yaro ɗaya yana biyan naira 300 zuwa, 300 dawowa. A mako naira 3,000 ke nan. A zangon karatu na mako 13, naira 39,000. Mai 'ya'ya uku a makaranta ya ninka da kansa. Wannan kuɗi fa tafiya yake yi ba ya dawowa, alhali in keke aka saya, ko na hannu ne, yana nan a zaure, wa ya hau ya bar wa ƙane. Abin da yake ci bai wuce faci da ɗan man sarƙa da robar birki ba. Mun san gidajen da yara ke fashin makaranta kwana biyu a mako saboda kuɗin abin hawa, kuma ba za mu kama suna ba.

Garin namu kuma bai fi ƙarfin keke ba. Mai zuwa kasuwa, da mai zuwa babban asibiti, da ɗalibin da ke karatu a makarantar horon malamai ta tarayya, da mai gona a wajen Tungan Kawo ko Tungan Wawa, duk tafiyarsu ba ta kai ta gajiyar da lafiyayyen mutum ba. Ba muna cewa a hau keke a nufi ƙauyuka masu nisa kamar yadda iyayenmu suka yi ba. Kowa ya san abin da 'yan bindiga suka jawo wa yankin nan, wanda har ya sa gwamnatin Jihar Neja ta taƙaita sayar da babura a 2021. Maganar cikin gari da kewayensa muke yi.

Yanzu sai mu zo kan abin da ya fi damun iyaye mata, kuma suna da gaskiya. Titin da ya kawo mana arziki shi ne abin tsoro. Tirela da tankar mai suna ratsa tsakiyar gari dare da rana, direban da ya kwana yana tuƙi ba lallai ya ga yaro a gefensa ba. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Cif Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, har shi da kansa ya riƙa hawa zuwa ofis a Abuja, sai wata motar bas ta ture shi ya faɗa kwalbati. Jama'a suka yi ta dariya, maganar ta mutu. Shawararsa ba ta da aibu, sai dai ya kira mutane su hau titin da ba a tanadar musu wuri a kansa ba.

Ƙasar Holan da ake ba da labarin kekunanta sun fi mutanenta yawa, ita ma ba haka ta tashi ba. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a haɗarin mota a can, cikinsu da yara fiye da 400. Iyaye suka fito suka matsa wa hukuma, ga kuma tsadar man 1973 ta zo ta same su, daga nan aka dage da ware wa masu keke hanyarsu daban. Mu ba mu da kuɗin Holan. Amma gefen titi muna da shi, sai dai wa ya cinye shi? Jama'a, a gafarce mu, mu ne. Teburin mai shayi, tiren mai goro, buhunan mai hatsi, babura a jere a ƙofar shago, duk a kan gefen da mai keke da mai tafiya a ƙasa ya kamata su bi. Yaro ya zo nan dole ya karkata ya shiga gaban tirela. Kafin mu rubuta wa ƙaramar hukuma takarda, ya kamata kowane ɗan ƙungiya mai sana'a a bakin titi ya ja kayansa baya ko da taku biyu ne. Mun san wannan ba za ta yi wa wasu daɗi ba, cikinsu har da 'yan kwamitin nan, domin biyu daga cikinmu a bakin titin suke kasa kaya.

Akwai kuma batun 'yan mata, wanda aka ja mana kunne kada mu taɓo. Abin da kawai za mu ce, waɗanda suka yi fatauci zuwa Wagadugu sun ga mata da 'yan mata a kan keke cikin suturarsu, ba wanda ya ɗaga ido. Mun bar wa malamanmu da iyaye mata su tattauna, su ba mu amsa a taro na gaba.

Abin da kwamiti ke roƙon taron nan ya amince da shi, na farko a buɗe adashin keke, duk wata a saya wa wanda ya ɗauka, a fara da gidajen marayu da ke da ɗalibai. Duk keken da aka saya ta wannan hanya ba zai fita ba sai da birki mai kamawa, da ƙararrawa, da fitila, da jan madubin baya mai ƙyalli, da kwaɗo, saboda ɓarayi ba su yi barci ba. Sannan a tura wakilai wajen jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra su zo su koya wa yaranmu ƙa'idar titi, musamman kada a yi goyon mutum biyu, kada a kama bayan babbar mota, kada a tuƙa ana fuskantar motoci. In Allah ya yarda muna so a yi wannan ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018.

Masu gyaran keke da suka rage a garin nan kuma yawancinsu sun tsufa, waɗansu ido ya fara rauni. Mun yi magana da biyu daga cikinsu, sun ce a shirye suke su karɓi yara su koya musu ɗaurin waya da gyaran gargare kafin hannu ya gaza. Duk mai son ya ba da ɗansa, ko ya shiga adashin, ya ga magatakarda bayan sallar La'asar, littafi yana hannunsa.