Ƙarfen Baya Ba Ya Ƙara Wa Mota Ƙarfin Ɗaukar Kaya

Idan kaka ta yi, duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi zai ga tsofaffin Golf da Peugeot maƙare da buhunan masara da waken suya, bayansu har yana shafar ƙasa. Domin hana motar kwantawa a kwana, wasu direbobi kan sa makanike ya ɗaura musu ƙarfen nan da ake kira sitabilaiza a baya.

Ƙarfen yana da amfani. Yana haɗa ƙafafun baya biyu, idan mota ta karkata sai ya murɗe ya tare ta. Sai dai ba ya ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya ko na buhu ɗaya. Idan kuma ya cika kauri, bayan mota kan zame a kwana, musamman kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

Malam direba, fara duba shokozoba da robobi da tayoyi. In za ka saka ƙarfen, nemi daidai da motarka, a ɗaure shi da kusoshi, ban da walda. Sannan ka rage lodi, domin ran fasinja ya fi kuɗin sawu ɗaya.