Makaɗin Fada Da Makaɗin Jama'a: Zumuncin Da Ba Kowa Ya Sani Ba

 

Yau zancenmu a kan makaɗa yake. A nan birnin Katsina mun saba raba su gida biyu. Akwai makaɗan fada, masu tambari da kakaki da algaita da taushi da kotso. Su ne muke ji a Ƙofar Soro ran hawan Salla. Akwai kuma makaɗan jama'a, masu kalangu da gangar noma da kuntigi da ƙwarya. Su ne muke gani a gidan biki da wurin gayya da filin dambe. Mutane da yawa suna zaton waɗannan ba su haɗa hanya da waɗancan ba. To, in muka bi tarihinsu ɗaya bayan ɗaya, za mu ga ba haka abin yake ba.

Mu fara da Ɗanmaraya Jos. Kowa ya san shi da ɗan kuntiginsa, yana yi wa yaran mota da ma'aurata da talakawa waƙa. Sunansa na yanka Adamu. An haife shi a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne. Uban ya rasu, uwar ma ta rasu, tun yana jariri. Sarkin nan da ubansa yake yi wa kiɗa shi ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan ya sami sunan Ɗanmaraya. Kun ga ke nan mawaƙin talakawa ɗan makaɗin fada ne, kuma a gidan sarauta ya tashi. Ya rasu a 2015.

Wasu kuma daga gona suka shiga fada. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali ta ƙasar Isa, da kiɗan noma ya fara. Daga baya ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Haka Musa Ɗanƙwairo Maradun. Ya gaji kiɗa wurin mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, ya kuma yi waƙoƙin noma kafin ya shahara da waƙar sarakuna da ta Sardauna Ahmadu Bello. Ya rasu a 1991. Wannan ya sa in kun saurari waƙar fada da kyau, za ku ji tana kama da kirarin da ake yi wa sarkin noma. Can ana zuga gwarzo ya ci kunya, wato ya gama noman layinsa. Nan ana zuga basarake ya riƙe ƙasarsa. Bakin da ya koyi na farko shi ne ya iya na biyu.

Yanzu mu dawo gida. Alhaji Mamman Shata an haife shi a Musawa a 1923. Bai gaji kiɗa ba. Mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba. Kalangu ya riƙa, kayan kiɗan da aka fi sani da mahauta da 'yan mata a dandali. Amma da wannan kalangun ya yi wa sarakuna waƙa, har ya zama na hannun daman Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007. Shi ma Ɗanƙwairo, mai kotso, ya yi wa wannan Sarki waƙa. Ubangida ɗaya ya haɗa mai kalangu da mai kotso. Da Shata ya rasu a 1999, a Daura aka binne shi. Ga wani abu kuma: Narambaɗa yana da waƙar da ake kira Bakandamiya, inda ya wasa kansa. Shata ma yana da tasa Bakandamiyar.

Fada ma takan fito wurin jama'a. Muhammadu Sarkin Taushin Katsina makaɗin Sarki Usman Nagogo ne, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1981. Amma da rediyo ya ɗauki muryarsa, sai manomi a bukkarsa ya riƙa jin abin da dā sai an je fada ake ji.

Me ya sa na kawo muku wannan tarihi? Dalilai biyu ne.

Na farko, mu daina raina makaɗin ƙauyenmu. Wani yakan ji waƙar Narambaɗa ya girgiza kai don daɗi, amma in ya ga mai gangar noma sai ya kau da fuska. Alhali daga irin wannan ganga Narambaɗa ya fito. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa na dakta. In masu ilimi sun girmama mai kalangu, mu me zai hana mu?

Na biyu, wannan sani yana tafiya tare da tsofaffi. Wani Bature, Anthony King, ya zo Katsina cikin shekarun 1960. Ya yi rubutu a kan ganguna da kakakin fada, ya kuma yi a kan waƙoƙin bori. Baƙo ya zo daga nesa ya rubuta namu. Mu da muke 'yan gida, yanzu da muka iya riƙe alƙalami, ba mu da hujjar zama.

Ga aikin da nake roƙonku. Kowa ya nemi tsohon makaɗi a garinsu, ya je da littafinsa da fensir. Ka gaishe shi da ladabi, sannan ka tambaye shi: Baba, wa ya koya maka kiɗa? Gado ka yi ko haye? Su wa ka yi wa amshi? Wane basarake ko sarkin noma ka yi wa waƙa? Ka rubuta sunayen da garuruwan yadda ya faɗa. Mata kuma su tambayi tsofaffi masu kiɗan ƙwarya da zabiyoyi. Ku kawo wa malamin aji a karanta gaban kowa. Za ku sha mamakin yadda mai gangar unguwarku zai fito ɗan'uwa ko almajirin wani makaɗin fada.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara mana ilimi mai amfani.