Katin Asibiti Tun Kafin Ciwo

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, ɗalibin digiri na uku a fannin injiniya, ya gabatar a zaman zumunci da aka yi a Corniche, Doha

 

Da aka ce ni ma zan yi magana a wannan zama, na san wasu sun ce shi ke nan, yau za a cika mu da lissafi. Ku kwantar da hankalinku. Ni dai injiniyan ruwa ne, ba likita ba, ba kuma lauya ba. Amma zancen asibiti na zo da shi, domin akwai abin da ya faru a gabana wanda har yau bai bar raina ba.

Kafin in shiga labarin, ku ɗan waiga. Ga dogayen benayen West Bay can sun kunna fitilu, ga kwale-kwalen katako suna kai da kawo da masu yawon buɗe ido. Amma ku dubi waɗanda suka share wurin da muka shimfiɗa tabarmi, da masu ba ciyawar nan ruwa, da masu gadi. Mutanen da ke zaune a Qatar sun kai kimanin miliyan 3, kuma kusan tara cikin kowane goma ba 'yan ƙasa ba ne. Wato mu baƙi mu ne mafi yawa. Saboda haka tambayar wa ke da damar ganin likita a ƙasar nan, tambayarmu ce kai tsaye.

A ginin da na fara zama akwai wani dattijo mai gadi, mutumin ƙasar Katsina. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan kuma faɗi kamfanin da ya kawo shi ba. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Injiniya. Kullum zan fita sai mun gaisa, in tambayi gida, ya tambayi karatu. Wata rana na ga yana dafe kai, na ce, "Baba, lafiya kuwa?" Ya ce, "Lafiya lau Injiniya, rashin barci ne kawai, na sha ƙwaya." Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na wuce. Bayan 'yan makonni na lura ya daina ɗaure takalmi saboda ƙafarsa ta kumbura. Nan ma sannu kawai na yi masa.

Wani dare sai abokin aikinsa ya buga mini ƙofa, wai Baba ya faɗi. Na kira 999, motar asibiti ta zo, muka tafi. A can ne likita ya ce hawan jini ne da ya daɗe ba a kula da shi ba, har ya fara taɓa ƙoda. Da ya farfaɗo na ce, "Haba Baba, me ya hana ka zuwa asibiti tun tuni?" Ya ba ni amsa uku. Na farko, ba shi da katin asibiti, an ce masa kamfani zai yi, bai kuma sake jin labari ba. Na biyu, yana tsoron in ya yi fashin aiki a yanke masa albashi. Na uku, wanda ya faɗa a hankali, yana tsoron in aka gano ba shi da lafiya a mayar da shi gida, alhali bai gama biyan bashin da ya ci ya ba ejan ba.

Wallahi ranar na ji kunya. Wata takwas muna gaisawa, katina yana cikin aljihuna, ban taɓa tambayarsa ko yana da nasa ba. Daga nan ne na zauna na karanta abin da doka ta tanada, kuma shi nake so in raba da ku.

Mu fara da mai takardar zama, wato iƙama. Duk wanda ke da ita yana da damar yin katin lafiya na gwamnati, wanda kowa ke kira katin Hamad. Kuɗinsa riyal 100, ana sabunta shi duk shekara. Da shi ake ganin likita a cibiyoyin sha-ka-tafi na unguwanni, da shi ake tura mutum manyan asibitocin Hamad, da shi kuma ake karɓar magani a farashi mai rangwame ƙwarai. Maza ma'aikata da ke zaune ba iyali suna da nasu cibiyoyin, waɗanda ƙungiyar agaji ta Red Crescent ta Qatar ke gudanarwa, irin na Mesaimeer da na Al Hemaila. A unguwar masana'antu kuma akwai babban asibitin Hazm Mebaireek da aka buɗe a 2018, kusa da inda yawancin leburori ke kwana.

Sai maganar inshora. Qatar ta taɓa gwada wani shirin inshorar lafiya na ƙasa mai suna Seha a 2013, aka dakatar da shi a ƙarshen 2015. Daga baya aka kawo Doka mai lamba 22 ta 2021, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2022. Ita ce ta wajabta inshorar lafiya a kan waɗanda ba 'yan ƙasa ba. Abin da ya kamata mu riƙe a cikinta shi ne, nauyin biyan kuɗin inshorar ma'aikaci yana kan wanda ya ɗauke shi aiki, ba a kan ma'aikacin ba. Ana aiwatar da dokar ne mataki-mataki, kuma da masu ziyara aka fara.

To, a nan ina roƙon masu shirin kawo iyaye ko iyali ziyara su buɗe kunne. Tun daga 1 ga Fabrairun 2023 inshorar baƙo ta zama sharaɗi a harkar bizar ziyara da sabunta ta, a kan riyal 50 a wata. Kuɗin kaɗan ne, amma abin da take ɗauka shi ma kaɗan ne: gaggawa da haɗari. Idan Hajiya ta zo da ciwon suga da ta daɗe tana fama da shi, kada ka ɗauka wannan takarda za ta biya mata ganin likita duk mako da maganin wata uku. A sa ta taho da magungunanta da takardun likitanta na gida, in kuma da hali a sayi inshorar da ta fi wannan faɗi.

Tsoron Baba na yanke albashi fa? Dokar ƙwadago mai lamba 14 ta 2004 ta ce ma'aikacin da ya yi wata uku a bakin aiki yana da hutun rashin lafiya na mako biyu da cikakken albashi, sannan mako huɗu da rabin albashi, matuƙar ya kawo takardar likita. Wanda ya ji rauni a wurin aiki, kuɗin jinyarsa a kan kamfani yake. 'Yan aikin gida suna da tasu dokar, mai lamba 15 ta 2017, wadda ta ɗora wa mai gida kula da lafiyarsu ba tare da cire musu ko riyal ɗaya ba. Akwai kuma dokar zafi ta 2021, wadda ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. Ba don ado aka yi waɗannan dokoki ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto cewa a shekarar 2020 kaɗai ma'aikata 50 ne suka rasu a Qatar sanadin aiki, fiye da 500 suka ji munanan raunuka.

Tsoronsa na uku kuwa, ba zan yi muku ƙarya in ce ba shi da tushe ba. Gwajin da ake yi wa mutum kafin a ba shi iƙama ya fi karkata ne ga cututtuka masu yaɗuwa, irin su tarin fuka da ƙanjamau, ba hawan jini ko suga ba. Amma kamfani na iya ƙin sabunta wa mutum kwantiragi idan ya ga ƙarfinsa ya ragu, kuma iƙamar ma'aikaci a ɗaure take da aikinsa. Gaskiya ne tun 2020 doka ta ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki ba sai da amincewar kafili ba, amma mai bashi a wuya ba ya son abin da zai girgiza masa albashi ko na wata guda. Abin da nake gaya wa irin su Baba shi ne, hawan jinin da aka tara da ƙwaya ɗaya a rana ba ya hana gadi. Wanda aka ɓoye har ya ci ƙoda, shi ne ke raba mutum da aikin baki ɗaya.

Bari in taɓo 'yan gudun hijira, domin ana yawan haɗa su da 'yan ci-rani alhali matsayinsu daban ne. Qatar ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba. A 2018 ta yi dokar ba da mafakar siyasa, mai lamba 11, wadda ita ce irinta ta farko a ƙasashen yankin nan, kuma ta ambaci kula da lafiya cikin haƙƙoƙin wanda aka amince da shi. Mun kuma ga dubban mutanen Afghanistan da aka kwaso aka sauke a nan a 2021 kafin su wuce wasu ƙasashe, mun ga yadda a Disambar 2023 aka sanar da ɗaukar nauyin jinyar Falasɗinawa 1,500 da suka jikkata a Gaza. Waɗannan shirye-shirye ne na musamman da hukuma ta tsara. Ɗan uwanmu da rikicin 'yan bindiga ya kora daga ƙauyensu a Zamfara ko Katsina, ya sayar da gona ya zo nan da bizar aiki, a idon doka ma'aikaci ne kawai, ko da a zahiri gudun hijira ya yi. Ranar da iƙamarsa ta ƙare ba a sabunta ba, ba zai iya sabunta katin asibiti ba. Shi ya sa takarda da lafiya a nan tare suke tafiya.

Yanzu bari in sa hular injiniyata. Ruwan da muke sha a garin nan daga tekun nan yake, ana tace gishirinsa a tashoshi irin ta Ras Abu Fontas, a tura shi ta manyan bututai. A aikinmu an koya mana cewa komai girman tasha, idan ɗan guntun bututun da ke shiga gida bai haɗu ba, famfon gidan a bushe yake. Haka na ga lamarin lafiya a nan. Asibitoci suna nan, dokoki suna nan a rubuce da Larabci da Turanci. Guntun bututun da ya rage shi ne mutumin da zai karanta wa Baba takardar, ya cika masa fom a waya, ya raka shi ya fassara wa likita inda ke masa ciwo. Kuma kada mu manta daga inda muka fito. A Najeriya sai a 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya, kuma har yanzu fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita. Wanda ya tashi a haka, in an ce masa asibiti, bashi yake hangowa, sai ya nufi kemis.

Mu ne muka dace da wannan gurbi. Muna jin Turanci, da yawanmu suna jin Larabci, jami'o'inmu sun tsaya mana a kan takardu. Don haka ina roƙon abu huɗu. Kowa ya duba ranar ƙarewar katinsa yau ɗin nan, kafin ya kwanta. Kowa ya nemi Bahaushe ɗaya, mai gadi ko direba ko mai shara, bayan gaisuwa ya tambaye shi, "Kana da katin asibiti? Yana hannunka?" Idan kamfani ya riƙe wa mutum fasfo, a sanar da shi cewa doka ta hana, har da tarar da ta kai riyal 25,000, kuma ana kai ƙara Ma'aikatar Ƙwadago. Na huɗu, ina ba shugabanni shawara a fitar da jerin masu sa kai, maza da mata, da za a iya kira su raka mara lafiya. Na ce da mata ne domin 'yar uwarmu mai aikin gida ba za ta faɗa wa namiji abin da ke damunta ba. In kuwa abu ya zo da gaggawa, kada a tsaya neman kati, a kira 999 tukuna.

'Yan uwanmu da za su karanta wannan a mujalla daga wasu ƙasashe, ku ma ku binciki naku tsarin. A Ingila, misali, ɗalibi yana biyan fam 776 na lafiya a kowace shekara tare da kuɗin biza. Ko ina da yadda ake yi, amma ko ina za ku tarar da wani Baban da bai san hanya ba.

Nawa Baban dai Allah ya tashi kafaɗunsa. Ya koma bakin aiki, yana shan magani, yana zuwa a duba shi. Sai dai likita ya ce abin da ƙodar ta rasa ba zai dawo ba, lallaɓawa kawai za a yi. Riyal 100 da tambaya ɗaya, da na yi ta a kan lokaci, da wataƙila ba a kai nan ba. Ranar da na raka shi karɓo katinsa, ya juya shi gaba da baya ya ce, "Injiniya, ashe ɗan wannan abin ne?" Na ce, "Shi ne, Baba."

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mayar da mu gida da abin da muka zo nema.