FUROJE BAƘO NE, ƘASA TAMU CE
Jawabin da mushen lakkwal ya yi ga taron ƙungiyarmu na shekara, a Tawa

Iyayena dattawa, malam liman, wakilin maigari, yayyena da ƙannena ƴan bida da kunka zo daga Abijan, Legas da Libiya, ina gaishe ku da tahiya. An ce in yi magana bisa taimakon da ƙasashen waje ke kawo ma noma cikin Adar. Yaro ne ni gabanku, ku yi mini haƙuri.

Dattawa sun san yunwar 1973 da ta 1984. Cikin 1984 ɗin ne furojen Keita ya hwara aiki, da kuɗin Italiya da injiniyoyin FAO, PAM kuma tana biyan ma'aikata da abinci. Maza sun tahi bida, don haka mafi yawan masu ɗaukar dutsi iyayenmu mata ne. Cikin wajen shekara 20 an raya hwako kamar eka 34,000, an dasa itace kamar miliyan 18, an yi baraji, rijiyoyi da hanyoyi. Inda ko akuya ba ta samun abin ci, an yanke hatsi. Wanga ba ƙaramin alheri ba ne, Allah shi saka.

To amma ku zaga ku duba yau. Wurare da yawa jeren duwatsu ya ɓalle, rairai ya cike baraji. In ka tambaya wa za shi gyara, sai a ce aikin furoje ne. Dalili kuwa: aikin da anka yi don mudun abinci, ranar da mudu ya tsaya shi ma ya tsaya.

Ku dubi kuma Illela. Cikin 1989 furojen FIDA ya kai manoma Yatenga, ƙasar Burkina, sunka ga yadda ake gina rami bisa hwako, a zuba taki, ramin shi tare ruwa, a shibka ciki. Da sunka komo sai sunka gwada gonakinsu. Ita ce tassa. Maƙwabci ya ga zangarniya, shi ma ya ɗauki kayan aiki, har hwakon da ba mai so ya yi kuɗi ana saye. Tassa ta zauna saboda mai gona ya san tashi ce.

Abu na biyu, taimako yana bin siyasa. Bayan canjin mulki na 26 ga Yuli 2023, masu ba da taimako da dama sun dakatar da kuɗinsu, har da shirin Amurka mai gyaran noman rani na Konni. An ruhe iyakar Najeriya watanni, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Ba a shibka bisa raɓa.

Abu na uku, noma bai ƙarewa ga gona, sai kasuwa. Albasar Galmi da ake yi Tamaske, Keita da Tabalak ta san Abijan da Akkara. Amma manomi yana cin bashin iri, angire da esansin moto tun sanyi, sai shi saida buhu ga Maris ko Afirilu, lokacin da albasa ta cika kasuwa. Bayan damana kuɗin buhu ya kan ninka, amma ribar tana hannun wanda ya iya jira. Wadda anka aje cikin rudu kuwa, in damshi ya shiga, ruɓewa takan yi.

Ga abin da nike roƙon taron ga shi duba.

Na ɗaya: kowane rani, kahin ruwa, a sa kwana uku na gayya don gyaran jeren duwatsu da rabin wata. Wanda ke bida shi aiko kuɗin ɗan ƙodago.

Na biyu: kowane ɗan bida shi zuba jikka ɗaya a wata cikin kes, mu gina magaza mai iska ta albasa da wake. Manomi shi aje kayanshi jingina, shi amshi bashi, shi biya in kasuwa ta tashi. FAO ta koyar da wagga dubara cikin Nijar tun wajen 1999, kuma tana tahiya inda akwai amana.

Na uku: mutum uku su riƙe makulli, mace ɗaya cikinsu, tunda mata sunka ɗauki dutsin. A karanta lissahi gaban jama'a kowace Salla.

Na huɗu: in wani furoje ya zo, mu tarbe shi da mutunci, amma kahin a sa hannu mu tambaya: shekara nawa za ku yi? In kun tahi, wa ke da gyara, da wane kuɗi? Hilin da anka raya, na wa ne? A rubuta amsa ga takarda gaban maigari, don kada ɗiyanmu su yi shari'a gobe.

Ƴan uwana ƴan bida, kuɗin da kuke aikowa suna shiga sayen hatsi kowace shekara. In munka sa kaɗan daga ciki ga ƙasa da magaza, hatsin da za ku saya baɗi shi ragu. Hannu ɗaya bai ɗaukar jinka.

Dattawa, magana tana wurinku. Allah shi ba mu damana mai albarka, shi maido matahiya lahiya.